Warshar Usta ta wajen Sigala, Bur Sudan: ra'ayina bayan gyaran makashin injina

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar ruwa. Tunda anata tambayata ina na kai injina da kuma ko wurin ya cancanci mutum ya ɗauki inji a raksha ya je, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. In taurari biyar ake bayarwa ni huɗu zan ba warshar nan. Aikin hannu dai babu abin cewa, ɗayan da na riƙe na wasu halaye ne na wurin da zan faɗa muku.

Wurin yana can ɓangaren kasuwar kifi ta Sigala, babu allo babu komai, rumfar kwano ce da duro biyu cike da ruwa da wani katako da ake rataye injuna a kai. Mai wurin dattijo ne Bahaushe, kowa Usta yake ce masa, Hausarsa rabi da Larabci irin ta waɗanda aka haifa a nan, yana da yara biyu masu koyon aiki. Injin bayan jirgi kawai yake taɓawa, irin namu na masu jirgin faiba, mai doki 15, mai 25, mai 40, ba ruwansa da janareto ko babur ko da kuwa ka roƙe shi.

Injina mai doki 40 ne, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, na hannu na saya. Ciwonsa shine ana cikin tafiya lafiya lau, musamman in iskar arewa ta taso raƙuman ruwa suka fara watso mana feshi ta baya, sai kawai ya ɗauke ɗif, ka ja igiya ka ja har kafaɗa ta fara zafi shiru, ka haƙura ka zauna rana ta ɗan buga shi sai ya tashi kamar ba shi ba. Daga baya abin ya wuce nan, da asuba ma in akwai raɓa baya tashi. Wani shago na fara kaishi cikin gari, suka canja fulogi, suka wanke kafireto, na biya, ciwo na nan, da na koma sai suka ce akwatin CDI, wato akwatin da ke aika wa fulogi wuta, shine ya mutu sai an yo odarsa daga Jidda ko Dubai, kuɗin da suka yanka min kuwa wlh sai da na nemi wurin zama. Wani da muke ɗaure jirgi kusa da juna ne yace kafin in sayar da ragata in biya, in fara kaiwa Usta.

Abu na farko da ya burge ni, bai taɓa sufana ba sai da ya gama tambaya. Yace “ɗana, in zai mutu yana tari tukun, ko kuwa lokaci ɗaya yake ɗaukewa?” Nace Usta lokaci ɗaya. Yace to ba mai bane. Bayaninsa shine injin da mai ya yanke masa sai ya fara shaƙewa, ƙarfi ya ragu, ya yi sama ya yi ƙasa kafin ya mutu, amma wanda wuta ta yanke masa babu sallama. Ya ƙara tambaya, a jiƙe yake yi ko a bushe. Nace a jiƙe. Sai ya miƙa hannu ya kama jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke lilo a gaban injin yana murza ɗan kilif ɗin bakinta, baice komai ba.

Bari in tsaya a nan in bayyana yadda abin yake aiki don na lura da yawanmu a baibai muka fahimce shi. Mu a tunaninmu makashin nan, wato maɓallin kashe inji da kilif ɗin jar igiyar ke maƙale a kai, irin makunnin fitilar ɗaki ne, in ka kunna ya haɗa waya wuta ta wuce, in ka kashe ya raba. To a yawancin waɗannan injunan akasin haka ne. In kilif ɗin yana ciki, shi ke ɗage kan maɓallin ya raba wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke cikin makashin, wato lokacin da inji ke aiki wayoyin nan biyu basa haɗe da juna sam. Da zarar an fizge kilif, ko an danna maɓallin, sai ƙarafan su haɗu, wutar da ya kamata CDI ya tura wa kwayil ta tafi fulogi sai ta zurare ta bi jikin ƙarfen injin, fulogi ya rasa tartsatsi, inji ya mutu. Ma'anar wannan itace duk wani abu da zai haɗa wayar kashewar nan da jikin inji, ko ruwan gishiri ne, ko tsatsa, ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, to ya kashe maka inji ko da kilif ɗinka na zaune daram a wurinsa. Kuma in ka duba fulogi zaka ga babu wuta, daidai da alamar da mataccen CDI ke bayarwa, shi yasa wanda baya son wahalar bincike, ko wanda ke da CDI na sayarwa, nan take zai ce maka akwati ne.

Ga yadda ya bi abin a gabana. Aka rataye injin a duro ƙafarsa cikin ruwa, don ko na minti ɗaya baya yarda a tada inji a bushe, 'yar robar famfon ruwan ce ke ƙonewa. Ya cire fulogi, ya sa yaro ya matsar da tankin mai gefe, ya goge wurin, ya jingina fulogin a jikin inji aka ja igiya, babu tartsatsi. Sai ya bi wayoyi biyun da suka fito daga makashin har inda suka shiga 'yan soket ɗinsu a ƙarƙashin murfi, ya zare wayar kashewar kaɗai ya naɗe bakinta yadda ba zata taɓa komai ba, aka sake ja, sai ga wuta shuɗiya tas tas. Ya maida fulogi, ja ɗaya inji ya kama. Duk wannan bai kai tsawon shan finjali biyu na gahawar jabana ba. CDI ɗin da aka ce ya mutu lafiyarsa ƙalau.

Ga masu son gwadawa da kansu, kalar wayar ta danganta da kamfani. A Yamaha fara ce wayar kashewa, baƙar kuma ta jikin inji. A Mercury da tsofaffin Johnson da Evinrude baƙa ce mai ratsin ɗorawa. A Tohatsu ruwan ƙasa ce. Amma in injin na hannu ne kar ka dogara da kala kawai don baka san hannu nawa suka bi ta kansa ba, ka bi wayar da yatsa tun daga makashin. Sannan abubuwa uku da ya nanata wa yaransa ina tsaye. In ka zare wayar nan ka tada inji to ka sani baka da abin kashe shi, sai dai ka ja cok ka shaƙe shi ko ka zare tiyon mai ka jira, don haka giya ta kasance a firi kuma kar kowa ya tsaya kusa da farfela. Kar ka riƙe bakin wayar ana jan igiya, akwai wuta mai ƙarfi a kanta, zata girgiza ka. Na ukun kuma wanda ya fi ɗaga murya a kai, kar wani ya kuskura ya ɗora wutar batir a kan wayar nan da sunan gwaji, nan ne zaka kashe CDI ɗin da gaske.

Inda ya ci tauraronsa a wurina shine bai tsaya nan ba. Wani bakaniken da ya ga inji ya tashi shikenan ya miƙo hannu. Shi kuwa cewa yayi yanzu mun san ɓangaren da laifin yake, saura mu san makashin ne ko wayar. Ya ɗauko wata tsohuwar mita mai allura, ya ɗora bakunanta a wayoyi biyun makashin. Ƙa'idar itace kilif na ciki allura kar ta motsa, ka zare kilif ko ka danna maɓalli ta tafi ƙarshe. Aka gwada, sai gashi yayi daidai, nace to fa, Usta kenan lafiyarsa lau? Yayi dariya yace “ai rana ta busar da shi a hanya, ɗana.” Ya aiki yaro ya ɗebo ruwan teku a murfin gora, ya ɗiga a kan maɓallin, ya maida mitar ma'aunin da ya fi jin ƙaramin yoyo, sai ga allura ta fara tafiya a hankali alhali kilif na ciki. Ya ɗaga robar da ta lulluɓe maɓallin da farce, ashe ta tsage ta ƙasa inda ido baya gani, rana ta cinye ta. Da ya fasa makashin ya nuna min, ciki duk ya yi kore da farin gishiri, kuma yace wannan ma ba na kamfanin injin bane, wani ne ya taɓa sa masa na bogi. Ya kuma bi wayar da yatsa har ya sami wurin da ta fara gogewa daidai gwiwar hannun tuƙi, inda ake ɗaga shi ana saukewa kullum, bata kai ga huda ba amma saura kaɗan, ya zura mata bututun roba ya canja mata hanya.

Wanda ya saba da ruwan Nilu, irin 'yan uwanmu da suka taso daga Jabal Auliya ko Kosti ko Sinnar, sai ya kula da wannan sosai in ya zo nan. A ruwan daɗi makashi na iya jiƙewa ya bushe shekaru ba abin da ya same shi. Bahar Maliya kuwa gishirinta ya kai wajen giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna wajen 35 ne, ga zafin da ke wuce digiri 40 da bazara yana gasa roba. Ruwan ya bushe amma gishirin yana nan, da asuba ya tsotsi raɓa ya koma yana ɗaukar wuta, shine dalilin da injina ke ƙin tashi da safe. Maganin shine a riƙa ɗauraye wurin da ruwan daɗi in an dawo, na san za'a ce wa zai zuba wa inji ruwan da ake saye a jarka, balle tun da madatsar Arba'at ta fashe a Agustan 2024 kowa ya san yadda ruwa ya koma a garin nan, amma kofi ɗaya ya isa maɓallin da kewayensa, ba wanka za'a yi masa ba.

Ina nan zaune wani ya kawo nasa da irin wannan ciwon, da aka gano sai yace Usta yanke wayar kawai ka huta, da cok zan riƙa kashewa. Dattijon nan ya ajiye sukundireba yace ba da hannunsa ba, in yanke waya yake so ga filaya can ya ɗauka ya yanke da kansa a waje. Mutumin ya tafi yana gunaguni. Ni a wannan ina bayan Usta ɗari bisa ɗari, duk da ya rasa kwastoma a gabana. Ku zagaya bakin ruwa ku gani, wani ya naɗe jar igiyar a hannun tuƙi ta zama ado, wani kilif ɗinsa ya ɓata ya cusa guntun silifas, wani ya ɗaure maɓallin da zaren kamun kifi ya ƙulle. Duk inji zai tashi, amma amfanin abin ya tafi, don ba don kashe inji a bakin gaɓa aka yi shi ba, an yi shi ne don ranar da raƙumin ruwa zai ɗaga ka ko ƙafa ta zame a kan majinar kifi ka faɗa. In ka saki hannun tuƙi inji na gudu, juyin farfela ne ke tura injin gefe guda, jirgi ya fara zagaye, zagayen kuma ta inda ka faɗa yake dawowa. In kuma bai zagaya ba ya miƙe ya barka, wa zai kamo faiba da iyo? Mu da yawa mutum ɗaya ko biyu ke fita, cikin dare, ba rigar ruwa.

Kar a ce tsoron tsofaffi ne. A watan Mayun 2013 a Padstow ta Ingila iyali guda mutum shida jirgi ya watsar da su a ruwa, babu wanda igiyar ke ɗaure a jikinsa, jirgin ya dinga zagaye yana bi ta kansu, uban da 'yarsa 'yar shekara 8 suka rasu. A Amurka kuma tun 1 ga Afrilun 2021 doka ce, mai tuƙa ƙaramin jirgin da bai kai ƙafa 26 ba dole ya ɗaura igiyar a jikinsa in yana gudu. Masu cewa tana hana aiki da hannu, gaskiya ne in a wuyan hannu ka sa ta, ga tuƙi ga jan ƙugiya, sai ta yi ta fizgewa. Usta a cinya yake cewa a ɗaura, sama da gwiwa kaɗan, a zagayo a maƙale ƙugiyarta a jikin igiyar. Haka nake yi yanzu kuma bata dame ni ba.

To yanzu tauraron da na riƙe. Na farko, babu kayan gyara a wurin ko ɗaya. Ya gano ciwo cikin ɗan lokaci amma sai da na koma kasuwa neman sabon makashi da kaina cikin rana, kuma bai haɗa ni da yaro ba, kwatance kawai. A kasuwar kuwa na bogi sun fi yawa, kwali iri ɗaya, sai ka riƙe a hannu ka ji robar wani tauri gareta kamar zata karye. Na kamfani ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ko kusa da kuɗin CDI bai je ba, shi na saya. Ku tafi da tsohon a aljihu da kilif ɗinsa, don kilif na wannan kamfani baya zama a na wancan, kaurinsu ba ɗaya bane, in ya yi siriri ko ya goge bazai ɗage maɓallin sosai ba, girgizar inji kaɗai ta isa ta riƙa yanke maka wuta. Akwai wata igiya da ake sayarwa mai tarin kilif kala-kala a zobe ɗaya, don ajiya a akwatin jirgi ba laifi, amma ka gwada wanda ya dace da naka tun a gaɓa ka cire sauran.

Na biyu, maganar kuɗi. Baya faɗin farashi kafin aiki, ka tambaya yace “bari mu ga abin da Allah zai nuna”, sai an gama babban yaron ya zo ya raɗa maka. Abin da aka karɓa a wurina bai yi yawa ba ko kaɗan, ban rubuta adadi ba don yadda jine, kuɗin Sudan, ke narkewa kafin wani ya karanta ya zama tsohon labari, amma mai ƙaramin ƙarfi yana so ya san inda ya dosa tun farko. Babu rasit, suna karɓar tsaba ko Bankak, wato turawa ta manhajar banki a waya. Na uku, lokaci. Waya in ka kira sai ka yi sa'a, layi kuma ba wanda ya fara zuwa bane, wanda zai fita ruwa a daren ake fara dubawa, wannan na fahimta amma da an faɗa wa mutum da bai zauna yana ƙirga ƙudaje ba. Daga azahar kuma an rufe sai la'asar sakaliya. Sannan ruwan duron nan mai baƙin mai nan ƙasa suke zubarwa yana gangarawa, a wurin da muke cin abinci daga ruwan, nayi masa magana cikin ladabi yace in sha Allahu, kun dai san irin wannan in sha Allahun. Bakinsa ma akwai kaifi, in ya ga igiyarka a naɗe a hannun tuƙi a gaban kowa zai wanke ka, in kana da saurin fushi ka shirya.

Kafin in tafi da injin sai da ya tada shi a duro ya sa ni da kaina na fizge kilif ya mutu, ya sake tadawa na danna maɓalli ya mutu, ya watsa wa sabon ruwan teku inji na aiki ko gezau, sannan ya shafa giris a 'yan soket ɗin ya rufe. Yace wannan fizgewar in riƙa yinta kafin in bar gaɓa, saboda akwai ɗaya ciwon da ya fi nawa haɗari, wato ka fizge kilif inji ya ci gaba da aiki. Wannan waya ce ta tsinke a ciki, ko baƙar da ke ɗaure a jikin inji ta yi tsatsa a wurin nocinta, ko ƙarafan ciki sun daina haɗuwa, kuma shi baya nuna alama ko ɗaya, inji na tashi lafiya kana ganin kana da kariya alhali babu. Igiyar ma a duba ta, in ta saki ta daina komawa ko ta fara tsagewa a canja, don wadda rana ta cinye tsinkewa zata yi kafin ta fizgo kilif.

Masu manyan jirage na sitiyari da makulli, tambayar da na ji ya yi wa wani ta ishe ku rarrabewa: in ka murɗa makulli inji na juyawa amma baya kamawa, fara duba kilif da wayarsa, a yawancinsu sitata na juyawa ko kilif baya ciki. In kuwa ko juyawa baya yi, to ba makashi bane, duba giya ko tana firi sosai, sai kan batir da fis.

Tun gyaran na sha fita cikin iska, feshi ya jiƙa mu sharkaf, bai sake ɗaukewa ba. In zaku je ku je da sassafe, ku tafi da tankinku da tiyonku da jar igiyarku don da kayanka yake son gwadawa ba da nasa ba. Sababbin injunan nan masu kwamfuta da babu kafireto kuwa kar ku wahalar da kanku da kuɗin raksha, da bakinsa yace bashi da na'urar duba su, makashin kaɗai zai iya gwada muku, sauran sai ku nemi masu na'ura.